Tambayar da ke Ceton Shekara Uku

Babban taron duniya na masu binciken injiniyancin manhaja, wanda aka fi sani da ICSE, ya faro ne a Amurka a 1975, kuma tun daga nan yake yawo ƙasa-ƙasa. A 2010 ma Afirka ta Kudu ce ta karɓi baƙuncinsa. Hankalin mahalarta yakan tafi ne ga manyan zauruka, inda fitattun masana ke gabatar da maƙalu. Ni kuwa abin da ya fi burge ni yana faruwa ne a wani ɗan ɗaki, galibi kafin a buɗe ainihin taron, inda ake zaunar da ɗaliban digirin digirgir kaɗan a gaban wasu gogaggun farfesoshi, yini guda cur.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ɗalibi zai aiko da 'yan shafuka da ya rubuta shi kaɗai a kan binciken da yake kai, a tantance, a zaɓi wasu. Ranar zaman a rufe ƙofa, ba kowa ke shiga ba. Sau da yawa ma akan nemi malamin da ke duba aikin ɗalibin ya tsaya a waje, domin yaro ya saki jiki ya faɗi inda abin ke masa ciwo, su ma farfesoshin su yi magana ba tare da jin nauyin abokin aikinsu ba. Babu maki, babu ci ko faɗuwa. Ɗalibi ya yi bayani na 'yan mintuna, sai a koma tambaya da shawara. A cikin wannan ɗan taƙin ne ƙwararre zai saurari aikin da wani ya shekara biyu yana fama da shi, ya gano inda ginin zai tsage nan gaba, ya kuma faɗa masa ta yadda zai iya ɗauka. Wannan gwaninta ce ta musamman, kuma ba kowane babban masani ke da ita ba.

Abin ya fi wuya a wannan fanni saboda fannin kansa yaro ne. Sunan injiniyancin manhaja bai bazu ba sai bayan taron da ƙungiyar NATO ta shirya a garin Garmisch na Jamus a 1968. Har yau fannin yana tsakanin gidaje uku ne: lissafi, ƙere-ƙere, da nazarin halayyar mutanen da ke rubuta manhajar. Wani ɗalibin hujjar lissafi yake kafawa, wani sabon kayan aiki yake ƙerawa, wata kuma hira take yi da ma'aikatan kamfani don ta gano abin da ke jawo musu jinkiri. Kowanne da irin shaidar da za ta gamsar a kansa. Farfesa Mary Shaw ta jami'ar Carnegie Mellon ta bi taƙaitattun bayanan maƙalun da aka aika wa ICSE na 2002, ta fito da nazarinta a 2003, inda ta nuna cewa kyakkyawan aiki yana tsayawa ne a kan abu uku: wace tambaya ka yi, wane sakamako ka samu, kuma da wace shaida za a yarda da kai. Cikin nau'o'in shaidar da ta lissafa har da mafi rauni, wato mutum ya bugi ƙirji kawai ya ce abinsa yana aiki. Gwanin mai ba da shawara da waɗannan ukun yake sauraro, kuma kunnensa na kan wurin da suka kasa haɗuwa.

A ce ga wata ɗaliba ta ƙera manhajar da ke gyara kurakuran wasu manhajoji da kanta, ba sa hannun mutum. Ta gwada ta a kan Defects4J, wani rumbun kurakurai na gaske da aka fitar a 2014 da guda 357 daga manhajoji biyar na harshen Java, wanda masu bincike suka mayar ma'auni. Ta haska jadawali a bango, ga adadin da ta gyara ya zarce na waɗanda suka riga ta. Wanda bai goge ba zai ce ta ƙara yawan gwaji, ko ya kama ta da gyaran jadawali. Gwani zai bari ta kai aya, sannan ya ce, “Na ga adadin, kuma aiki ya yi kyau. Amma da kika ce ta gyara, me kike nufi da gyara?”

Ta ce, “Farfesa, duk gwaje-gwajen da ke tare da manhajar sun wuce lafiya bayan an sa facin.”

“To, da a ce facin goge layin da ke kawo matsalar kawai ya yi, gwaje-gwajen za su gane?”

Tambayar gajeriya ce, amma akwai tarihi a bayanta. A 2009 Westley Weimer da Claire Le Goues da abokan aikinsu suka gabatar da GenProg, manhajar da ke gyara kurakurai da kanta, a ICSE, aikin da ya buɗe wannan fage baki ɗaya. A 2012 suka ba da rahoton cewa ta samar da faci ga kurakurai 55 cikin 105, a kan kimanin dala 8 kowanne. A 2015 wasu masu bincike na MIT, ƙarƙashin Martin Rinard, suka zauna suka bi facin ɗaya bayan ɗaya, suka tarar biyu ne kawai suka gyara kuskuren da gaske. Da yawa daga cikin sauran cire wani aikin manhajar kawai suka yi, gwaje-gwajen kuma ba su da ƙarfin da za su lura. Har suka ƙera wata manhaja mai suna Kali, wadda ba ta san komai ba sai gogewa, ta kuma yi abin da bai gaza na GenProg ba. Wannan bai zubar da darajar GenProg ba. Masu ita sun baje sakamakonsu a fili, shi ya sa aka iya bin diddigi, kuma a 2019 ICSE ta karrama maƙalar 2009 ɗin a matsayin wadda ta fi tasiri cikin na shekararta. Amma tun daga lokacin kowa a fagen ya san cewa wuce gwaji daban, gyara daban.

Farfesan ya san duk wannan, kuma yana iya zazzage shi a kan yarinyar a gaban tsaranta don a san ya sani. Ba ya yi. Tambayar yake miƙa mata, ya yi shiru, ya bar ta ta taka da ƙafarta har ta hango ramin. Wannan shirun yana cikin abin da nake girmamawa ƙwarai, domin abin da mutum ya gano da kansa ba ya mantawa, kuma ba ya jin an ci masa fuska. Da ta gane, sai ya nuna mata mafita: ta ɓoye wasu gwaje-gwajen kada manhajarta ta gan su sai bayan ta gama faci, ta ɗebi wani kaso ta karanta da ido, ta gwama da gyaran da mutum ya yi tun asali. Yana iya ƙarawa da cewa idan adadin ya faɗi kada ta karaya, domin bayanin dalilin faɗuwar kansa babi ne mai kyau a kundinta. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma gwanin shi ne wanda ɗalibi zai fita daga gabansa yana jin lallai gyaran aka yi masa.

Akwai kuma sanin lokaci. Wanda ke shekarar farko ana iya ce masa tambayar da ya ɗauko ba ta kai a ba ta shekara huɗu ba, ya sake lale. Wanda ya rage masa wata shida ya miƙa kundi, faɗa masa haka zalunci ne. Shi abin da yake buƙata a nuna masa yadda zai rage da'awarsa ta yi daidai da shaidar da ke hannunsa. Cutar da ta fi kama ɗalibai ita ce haɗama: mutum ɗaya ya zo da aikin da zai ishi mutum uku. A nan wasu kan ari tambayoyin George Heilmeier, wanda ya shugabanci hukumar bincike ta DARPA a Amurka daga 1975 zuwa 1977. Me kake son yi, a faɗe shi ba da kalmomin fanni ba? Yaya ake yin sa yanzu? Wa zai amfana idan ka yi nasara? Ɗalibin da ya kasa amsa ta farko cikin jimla biyu, yawanci bai riga ya zaɓi aikinsa ba.

Kuma gwani ba ya jan ɗalibi zuwa gonarsa. Jarabar tana da ƙarfi, domin kowane masani yana ganin hanyarsa ce ta fi. Na ƙwarai yakan auna shawararsa da abin da ɗalibin ke son cim ma, da kuɗi da lokacin da yake da su, ya kuma tuna cewa akwai malami a gida wanda za a koma wa da maganar.

Ita ma karɓar gyara sai an koya. Ɗalibin da ya iya ba ya tsayawa kare kansa a kan kowace magana. Yana riƙe da biro, yana maimaita tambayar da bakinsa don ya tabbata ya fahimta, idan bai sani ba ya ce bai sani ba. Wani lokaci farfesoshi biyu za su saɓa a gabansa, wannan ya ce a faɗaɗa gwaji, wancan ya ce a zurfafa a kan manhaja ɗaya. Nan ne yake gani da idonsa cewa manyan ma ba bakinsu ɗaya ba, kuma zaɓin nasa ne, shi zai tsaya ya kare shi ranar jarrabawar baka.

Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba sa isa ɗakin. Kuɗin jirgi da masauki da rajista sun fi ƙarfin ɗalibai da yawa daga jami'o'in Afirka, ga kuma wahalar biza idan taron ya faɗa Turai ko Kanada. Ƙungiyar ACM SIGSOFT, ɗaya daga cikin masu ɗaukar nauyin ICSE, tana da tallafin tafiya ga ɗalibai mai suna CAPS, kuma irin wannan zama ba a ICSE kaɗai ake yin sa ba, ana yi a tarukan FSE da ASE. Ya kamata malaman sassan kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu su riƙa sa ɗalibansu suna nema tun suna shekara ta biyu, lokacin da tambaya ɗaya za ta iya sauya akalar aikin kafin a yi nisa.