Katako a Cikin Ɗaki: Nazari Kan Salon Gidajen Arewacin Turai

Duk mai bibiyar hotunan gidaje a Instagram ko Pinterest ya san irin ɗakin da ake yayi yanzu: bango na katako mai haske, daɓe na falanki, kujera mai saƙaƙƙen mazauni, bargon ulu a gefe, ga babbar taga tana kallon daji. Salon ya karaɗe duniya, amma tushensa ƙasashen Arewacin Turai ne, wato Finlan da Suwidin da Norwe da Danmak. Abin da nake son nunawa a nan shi ne, darajar wannan al'ada ba a launin katako take ba. Tana cikin sanin halin itace, da haƙurin barinsa ya tsufa, da ɗaukar nauyin dajin da aka saro shi. In aka cire waɗannan, hoto kaɗai ya rage, kuma hoton ne aka fi sayar wa duniya a yau.

Larura ce ta haife shi

Ba don ado mutanen can suka fara zama cikin katako ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Finlan daji ne, Suwidin ma daji ya cinye fiye da rabinta. Sanyi kan ɗauki watanni ruwa na daskarewa, a can ƙuryar arewa kuma rana kan yi makonni ba ta fito ba. Manomi ya duba abin da ke kusa da shi, ya ga gungume. Sai ya jera gungumai a kwance, ya sassaƙe bakinsu su cije juna a kusurwa, ya cusa gansakuka tsakaninsu don kada iska ta shigo. A kan rufi ya shimfiɗa ɓawon wata bishiya mai farin jiki da 'yan Finlan ke kira koivu, wanda ruwa ba ya ratsawa, ya ɗora ƙasa da ciyawarta a kai. Jikin gini daga waje kuwa, kwaltar da ake tatsa daga itace ake shafa masa. Cocin Urnes da ke Norwe, wanda aka gina da katako zalla wajen shekarar 1130, yana nan tsaye har yau, kuma UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Akwai dalilai na zahiri da suka sa zama cikin katako ke da daɗi. Ba ya zuƙe ɗumin jiki kamar ƙarfe ko dutse, shi ya sa ƙafa ba ta jin sanyinsa da asuba, kuma shi ya sa da shi ake yin bencin ɗakin surace na sauna, inda ƙarfe zai ƙona fata. Yana shan laima idan ta yi yawa a ɗaki, ya sake ta idan iska ta bushe. Katako mai haske kuma yana mayar da ɗan hasken da ake samu a lokacin duhu, don haka a Danmak mutane da yawa ba sa shafa wa daɓe banish, da ruwan sabulu suke goge shi don kada ya yi duhu.

Inda al'adar ta fi fitowa fili shi ne ɗan gidan hutu na daji ko na bakin tafki, wanda 'yan Norwe ke kira hytte, 'yan Finlan kuma mökki. Ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta Norwe, wadda aka kafa a 1868, ta shimfiɗa irin waɗannan masaukai a duwatsun ƙasar, Finlan kuwa tana da kimanin rabin miliyan. Tsohuwar ƙa'idarsu ƙanƙan da kai ce: murhun itace, ruwan ɗiba, makewayi a waje, da tsofaffin kujerun da aka gada.

Yadda Aalto ya shigar da itace cikin zamani

A shekarun 1920, masu sabon salon gini a Turai sun karkata ga ƙarfe da gilashi da kankare. A makarantar Bauhaus ta Jamus, Marcel Breuer ya ƙera kujera da bututun ƙarfe a 1925, aka ɗauke ta alamar sabon zamani. Katako a lokacin kayan ƙauye ne a idon masu wannan ra'ayi.

Mai zanen gine-gine ɗan Finlan, Alvar Aalto, tare da matarsa Aino, su suka sauya wannan tunani. Lokacin da suke aikin asibitin masu tarin fuka na Paimio, wanda aka kammala a 1933, sun fara ne daga halin majinyacin da zai yi watanni a kwance: wane launi idonsa zai riƙa gani a silin, wace ƙara za ta dame shi, me jikinsa zai taɓa. Aalto ya ga ƙarfe yana da sanyi a fata, yana ƙyalli a ido, yana kuma amsa ƙara. Sai suka yi kujerar Paimio da lanƙwasasshen filawud na koivu, bayanta a kishingiɗe don numfashi ya zo wa mai ciwon ƙirji da sauƙi.

Da taimakon gwanin kafinta Otto Korhonen, Aalto ya gano hanyar tanƙwara itace mai kauri: a tsattsaga bakinsa da zarto, a zura siraran yankan katako da gam a cikin tsagar, sannan a lanƙwasa. Daga nan aka samu ƙaramar kujerar nan mai ƙafa uku ta 1933, Stool 60, wadda kamfanin Artek da suka kafa da abokansu a 1935 yake yi har yau. A gidan Villa Mairea da aka gama a 1939, sun naɗe ginshiƙan ƙarfe da tsumagiyar kara, suka kewaye matakalar bene da sandunan katako a warwatse kamar bishiyoyin dajin da ke waje. Abin lura a nan, Aalto bai guji inji ba. Ya sa inji ya bi halin itace ne, bai tilasta wa itace kwaikwayon ƙarfe ba.

A Danmak, Hans Wegner, wanda ya fara koyon kafinta kafin ya koyi zane, ya tsara kujerar CH24 a 1949, yana mai ɗaukar darasi daga kujerun daular Ming ta ƙasar Sin. Tun 1950 kamfanin Carl Hansen & Søn ke yin ta, kuma da hannu ake saƙa mazauninta da igiyar takarda mai tsawon kimanin mita 120. In igiyar ta tsinke bayan shekaru, sai a sake saƙa wata, kujera ta koma aiki. Baje kolin kayan waɗannan ƙasashe da ya zagaya Amurka da Kanada daga 1954 zuwa 1957 shi ya buɗe wa salon kasuwar duniya.

Inda hoto ya rabu da abu

Kasuwa ta karɓi salon, amma katako na gaske yana da tsada, yana da nauyi, yana kuma motsi da sauyin yanayi. Kamfanin IKEA, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a Suwidin a 1943, ya cancanci yabo don ya kai kayan ɗaki masu kyan tsari ga mai ƙaramin ƙarfi. Sai dai kantar littattafansa mai suna Billy, ta 1979, daskararren garin katako ce da aka lulluɓe, saman teburinsa Lack kuwa cikinsa saƙar takarda ce. A Suwidin ɗin dai, kamfanin Perstorp ya ƙirƙiro daɓen lamineti a 1977, wanda ba komai ba ne face hoton katako da aka buga a takarda aka rufe da roba mai tauri.

Bambancin ba ya fitowa ranar saye, sai an kwana biyu. Teburin katako in ya ƙarje, a goge shi da sanfefa a shafa mai, ya dawo. Launinsa yana nuna da shekaru, har jika ya gaje shi. Lamineti kuwa ranar da aka saye shi ce ranar da ya fi kyau. Ruwa ya shige shi ya kumbura, gefensa ya ɓare, babu kafintan da zai iya ceto shi. Ga kuma gam mai sinadarin fomaldihaid da ake haɗa yawancin allunan garin katako da shi, sinadarin da hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya cikin masu haddasa cutar a 2004, abin da ya sa ƙasashe da dama suka ƙayyade yawan wanda allo zai iya fitarwa.

Ba duk katakon masana'anta ne jabu ba. Da katakon da aka manna falle-falle aka gina Mjøstårnet a garin Brumunddal na Norwe a 2019, bene mai hawa 18 da tsayin mita 85.4. Wannan ci gaban dabarar Aalto ne. Ma'aunin ba shi ne ko inji ya taɓa abu ba. Ma'aunin shi ne: abin da ido ke gani, shi ne abin da ke ciki? In ya lalace, zai gyaru?

Bashin daji

Ko katako na gaske ma ba ya wanke mai shi daga tambaya. Kayan ɗakin Danmak da suka yi tashe a shekarun 1950 da 1960, da yawansu ba da itacen Danmak aka yi su ba. Da tik na Tailan da Bama aka yi su, da wani jan itace na Brazil wanda aka sare shi har sai da yarjejeniyar kare dabbobi da tsirrai ta CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1992. Suwidin ta yi dokar tilasta sake raya daji bayan sara tun 1903, kuma dokar ta yi aiki, amma gonar bishiyoyi sa'annin juna ba ta maye gurbin tsohon daji. Makiyayan ƙabilar Sami sun daɗe suna kukan cewa sarar ƙarƙaf na hallaka tsiron da dabbobinsu ke ci a lokacin sanyi.

Ɗan gidan hutun ma ya sauya. Norwe tana da fiye da 400,000, kuma sababbin da yawa sun kai girman gidan zama, da lantarki da famfo da titin mota har ƙofa. Ana gina su rukuni-rukuni a kan fadamu da hanyoyin barewar daji ta tsaunuka, wadda aka sanya cikin jerin dabbobin da ake fargabar makomarsu a ƙasar a 2021. Gidan da aka yi don kusantar daji ya koma yana cin dajin.

Mu ma wannan yunwa ta katako ta taɓa mu. Madobiya, wadda masu sara a Taraba ke kira madrid, an yi ta lodinta a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa, a kai ta Sin don yin kayan ɗaki na alfarma, har CITES ta sanya ta ƙarƙashin kariya daga 2017. Salon kayan ya bambanta da na Turai, amma ɗabi'ar ɗaya ce: mai saye yana jin daɗin cewa ɗakinsa na halitta ne, kututturen kuwa yana wata ƙasa da ba zai taɓa gani ba.

Abin da ya dace a ɗauka

A gidajenmu na birni, salon ya fi isowa ta hanyar silin roba mai zanen katako da takardar bango da tayil mai kamar falanki. Wato ɓangaren da ya fi rauni shi muka karɓa. Wanda ya sayi katakon gaske ma, in ba a busar da shi daidai da yanayinmu ba, hunturu ɗaya ya isa ya tsaga shi, gara kuma ta ƙarasa sauran.

Alhali darasin da Aalto ya koyar ba baƙo ba ne a wurinmu. Maginan Hausa sun zaɓi azarar giginya saboda sun san ƙarfinta da yadda take gagarar gara. Da ita da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Shi da Aalto hanya ɗaya suka bi: kowa ya ɗauki abin da ƙasarsa ke fitarwa, ya san iyakarsa, ya kai shi matuƙar abin da zai iya. Tabarmar kaba da asabari da jemammiyar fata da saƙi duk suna nan, masu zanen cikin gida ne ba su ba su aikin zamani ba tukuna.

Don haka duk mai son katako a ɗakinsa, ya tambayi kafintansa abu huɗu kafin ya biya: wane itace ne, daga ina aka saro shi, an busar da shi, kuma zai gyaru in ya lalace? Masu zane da makarantun koyon gini kuma su koma kan azara da kaba da irin nazarin da aka yi wa koivu a Finlan. Sama da duka, a shuka. Giginya da madobiya shekaru masu yawa suke ɗauka kafin su isa sara, kuma al'ummar da ba ta dasa abin da take sarewa ba, ba za ta iya riƙe al'adar katako ba, komai gwanintar kafintocinta.