Ku Daina Ɓoye Fim Sai Ranar Hawa

Kun san ni da wannan ƙorafin, kuma ba yau zan fasa ba. Sallah ta wuce, ƙannenmu da suka koma ɗaukar hoto da fim sun sake juye mana dawaki. Doki ta gaba, doki ta gefe, ɗan lifidi, 'yan bindiga cikin hayaƙi, dogari da rawani. Duk baƙi da fari, kuma wallahi wasu sun yi kyau, ban hana ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaro ɗan Kura ko ɗan Bunkure zai sayi fim tun kafin azumi, ya ɓoye shi, ya yi ta wuce kanal safe da yamma da kyamara a cikin jaka, sai ranar Hawan Daushe ya hau mota zuwa birni ya ƙarar da shi a ƙofar gidan Sarki. Idan fim ya yi saura, sai ya ƙarasa a marinar Ƙofar Mata ko a kan Dala. Shi ke nan, sai wata Sallar.

Hawan Kano ba ya bukatar agajinku. Tun zamanin Turawa ake ɗaukarsa, duk lokacin da aka yi shi masu hoto daga ko'ina suna cika filin, a Disambar 2024 ma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Ko da kowa a cikinku ya ajiye kyamararsa, ba za a rasa hoton hawa ba har abada. To amma wa yake ɗaukar Kura ranar Talata da hantsi?

Ku nemo mini, in kun isa, hoton wannan yankin kafin ruwan Tiga ya iso. An gama dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daga nan aka ja ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar da da sai damina ake taɓa ta ta koma ana noma rani da damina. Wannan sauyi ne da ya juya rayuwar kowane gida a nan, kuma iyayenmu sun gan shi da idonsu. Tambayi dattijo ya ba ka labari, zai ba ka har dare. Ce masa ya nuna maka hoto, sai ya ɗauko na fasfo ɗin aikin hajji. Haka zamanin alkama, bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, lokacin da filayen Kadawa suka cika da ita. Haka 2016, shekarar da wata tsutsa ta cinye tumatir har kwando ya gagari talaka, shekarar da masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa ta buɗe ta kuma rasa abin sarrafawa. Haka bayan rufe iyakoki a Agustan 2019, da injinan shinkafa suka yi ta ƙara yawa a cikin garin Kura. Duk waɗannan sun faru a gaban masu kyamara. Abin da ya rage mana shi ne ɗan abin da ma'aikatan hukuma da 'yan jarida suka ɗauka ranar da wani babba ya zo buɗe wani abu: manya a jere, manomi a gefe an yanke masa rabin fuska.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne turkuɗi. Kura tun ƙarni na 19 ta yi suna da wannan baƙin yadi mai walƙiya, wanda ake rinawa da baba a kai mabuga a buge shi har ya yi sheƙi, Buzaye su saya su kai cikin Sahara. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'a ta rini a ƙasar Kano ya rubuta kundin digirinsa na uku. Mutum ya taso daga Amurka ya zo ya yi nazarin abin da ke bayan gidanmu, mu kuwa muna tsallake shi mu tafi Ƙofar Mata, don can ne muka ga baƙi suna ɗauka. Kuma babu abin da fim baƙi da fari ya iya kamawa kamar sheƙin yadin da aka buge, da hannun marini da shuni ya kama har farce. Masu sana'ar suna raguwa, kowa ya sani, amma har yanzu ana ajiye fim wa doki.

Da na yi magana sai a ce mini fim ya yi tsada, ba a ɓarnatar da shi a kan kwandon tumatir. To waye ya ce lallai sai Kodak Tri-X? Na san sunansa da daɗin faɗa, tun 1954 manyan 'yan jarida na duniya suke aiki da shi, kuma kuna son a ga kun rubuta shi a ƙarƙashin hoto. Amma akwai Fomapan da ake yi a ƙasar Cek, akwai Kentmere, wanda kamfanin da ke yin Ilford a Ingila ne yake yin sa don masu ƙaramin ƙarfi da ɗalibai. Dukkansu sun fi Tri-X sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Wanda ya fi haka ma, ku haɗa kuɗi ku biyar ko shida ku sayi babban nadi mai tsawon mita 30, ku yanka da kanku a cikin duhu; yana ba da wajen fim 18 masu hoto 36 kowanne. Na yarda, tun da aka saki darajar naira a 2023, abin da ake kira araha a Turai ba araha ba ne a Kura, ga kuɗin kawowa, ga jira. Wannan gaskiya ne kuma yana da ciwo. Amma wanda ya iya sayen mai tsada guda ɗaya ya ɓoye, ya iya sayen mai araha biyu ya yi aiki da su.

An ce araha ba ta ado. A wannan harkar ban yarda ba, domin arahar ita ce take sakin hannun mutum. Mai fim mai tsada tsoro yake ji, kowane dannawa sai ya yi lissafi, don haka ba ya ɗaukar komai sai abin da wani ya riga ya tabbatar masa cewa abin ɗauka ne. Shi ya sa duk hotunanku suke kama da juna. Mai fim ɗin araha kuwa zai tsaya a bakin kanal ya ɗauki manomi yana jera bututun jan ruwa zuwa cikin gona, ya ɗauki 'yan dashe sun sunkuya a jere cikin taɓo, ya ɗauki shanshera a shanye a tabarma da yaro yana korar awaki, ya ɗauki mai shayi a tasha da asuba tururi yana tashi, ya ɗauki mai faci, ya ɗauki a-daidaita-sahu da aka danƙara wa buhuna har ta karkace. Rabinsu su lalace, babu komai. Sauran rabin a cikinsu ne za a sami abin da ba kowa ke da shi ba.

E, Fomapan yana da halinsa. Ƙwayarsa ta fi kauri, inuwa takan toshe idan ka yi masa rowar haske, kuma jikinsa da laushi, idan ka yi gaggawa wajen wanki sai ka karce shi. Wani lokaci sai na kalli hoton da aka ɗauka da Tri-X na ji a raina cewa kuɗin nan dai ba a banza ake karɓarsa ba. Amma duk wanda ya ce mini ƙwayar fim ce ta hana hotonsa kyau, sai in ce ya kawo in gani. Sau da yawa abin da zan tarar shi ne ya tsaya nesa, ko ya ɗauka da tsakar rana lokacin da hasken nan namu yake fasa komai, fari ya ƙone, ƙasan hula ya zama rami.

Akwai kuma masu ce mini Kura ƙasar kala ce: koren shinkafa, jan tumatir, ruwan kanal, me zai sa a kashe su da baƙi da fari? Suna da 'yar gaskiya, kuma ga waya nan a aljihun kowa, a ɗauki kalar. Amma ku lura da abin da kala take yi wa mai kallo a nan. Idonsa yana faɗawa kan jan tumatir ya tsaya, ya ce masha Allah, ya wuce, bai ga ɗan dakon da ke ɗauke da kwandon ba. Idan ka cire kalar, jijiyar wuyansa ce take fara fitowa, da saƙar kwandon, da yadda ya dasa ƙafa a kan katakon hawa mota. Wato aikin ne yake bayyana. Sai dai a sani, ja da kore kusan toka iri ɗaya suke komawa a fim, don haka tumatir a jikin ganye sai ya ɓace. Maganinsa ɗan gilashi mai launin lemo ko ja a gaban kyamara, tumatir ya yi haske ganye ya yi duhu. Wannan ba a birni za ka koya ba, sai ka ɓata fim ɗaya ko biyu a gona, kuma da mai araha ne kaɗai zuciyarka za ta bari ka ɓata.

Wanki ma ba abin tsoro ba ne kamar yadda ake zuzutawa. Mun san yawancin wuraren wanke hoto na da sun rufe ko sun koma buga na waya. To baƙi da fari ba ya bukatarsu. Ƙaramin tulun wanki, da jakar duhu ta sa hannu, da magani iri biyu, sun isa. Maganin Rodinal, wanda tun 1891 ake amfani da shi, kaɗan ake ɗigawa a ruwa, kuma kwalba ɗaya tana daɗewa ba ta lalace ba. Matsalarmu ta gaske zafi ce. Ruwan wanki ana son sa a digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu ruwan da ya kwana a jarka ya wuce haka sosai, sai an nemi ƙanƙara. Da hunturu kuwa ruwan randa da safe yakan zo daidai, amma a lokacin ƙura ce abokiyar gaba, idan ka shanya fim a ɗakin da iska ke shiga, kowace ƙwayar ƙasa sai ta manne. A banɗaki ake shanyawa, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe ƙofa. Shi kansa fim ɗin kada a bar shi a cikin but ɗin babur a rana.

Me ya sa duk wannan wahalar alhali ga waya? Saboda na ga inda hotunan waya suke ƙarewa. A sace ta, ko ta faɗa ruwa, ko wuri ya cika a goge don a sa sabon bidiyo. Nagatif baƙi da fari azurfa ce a jikinsa, idan an wanke shi da kyau an adana a inda babu laima, yana iya wuce shekara ɗari. Hoto mai kala na da kuwa duk mun gani a gidajenmu yadda yake komawa ja-ja.

Kuma ku dubi waɗanda duniya take girmamawa daga wannan yanki namu. Malick Sidibé a Bamako samari da 'yan mata ya bi yana ɗauka a wuraren rawa da bakin kogi, abin da a lokacin ba wanda ya ɗauka tarihi ne, a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Banis. Philippe Koudjina haka ya yi a Yamai. J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya, tun 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata, kitso kawai, har ya tara wajen dubu. Babu wanda a cikinsu ya jira ranar hawa. Abin da ke gabansu kullum suka ɗauka, suka yi ta ɗauka, har ya taru ya zama abin da ba a da kamarsa.

Sai dai in ja kunne a kan abu ɗaya, don na ga alamarsa. Da na ce a ɗauki rayuwar yau da kullum, ba cewa na yi a je a nemo almajiri mai yagaggiyar riga ko tsohuwa mai tamoji a mayar da su baƙi da fari don a ba mutanen waje tausayi ba. Wannan ma wani hawan ne, kowa ya san yadda hoton zai fito tun kafin a ɗauka. Mutanen Kura masu sana'a ne, a ɗauke su a kan sana'arsu. A yi sallama, a ce Baba ko Malam zan ɗauki hoto, idan ya ce a'a a bar shi. Matan da ke gumin shinkafa a cikin gidaje, waɗanda rabin kasuwar shinkafar garin nan a kan wutarsu take, namiji baƙo ba shi da hanyar shiga wurinsu, kuma bai kamata ya nema ba. Wannan aikin 'yan matanmu ne masu kyamara, da izinin masu gida da na su matan. Har yau ban ga wadda ta fara ba, kuma ina jira. Duk wanda aka ɗauka kuma a buga masa nasa a kai masa har gida, ko da ƙarami ne. Wanda ba zai iya wannan ba, ya koma wa dawakinsa.

Kakar tumatir takan zo daga Janairu zuwa wajen Afrilu. Kasuwar Kwanar Gafan tana nan kan titin Zariya, ba sai an biya kuɗin mota zuwa birni ba. Tun da sassafe ake fara lodin motocin Kudu, lokacin haske bai yi ƙarfi ba, don haka fim mai lamba 400 za a sa. Idan rana ta ɗaga a koma mai lamba 100. Wanda ya ce mini babu fim ina da ragowar Kentmere da zan iya rabawa, amma da sharaɗi: a dawo mini da nagatif in duba, kuma idan na ga doki ko ɗaya a ciki, za a biya ni kuɗina.