Tsatsa ma shaida ce

Tsakanin 1935 da 1942, lokacin da talauci ya addabi Amurka, gwamnati ta ɗauki masu zane aiki don su kwafi kayan hannun talakawa. Kundin Index of American Design ya tara zane wajen 18,000, yana ajiye a National Gallery of Art ta Washinton.

Daga ciki akwai na Lucille Chabot, da fentin ruwa, na wani manunin iska da aka ƙera a 1840, aka kafa bisa coci a Newburyport: surar mala'ika yadda Kiristoci ke kwatanta shi, yana shawagi yana busa ƙaho. Maƙerin bai bi ma'aunin makarantar zane ba, domin daga ƙasa ake hangen aikinsa. Siffa bayyananna ya nema, wadda iska za ta juya.

Gwanintar Chabot ita ce ba ta gyara masa ba. Koren tsatsar tagulla da ragowar ruwan zinariya duk ta bar su. Da ta ƙawata shi, da ta shafe hannun maƙerin da shekarun da ƙarfen ya yi cikin ruwa da rana.