Masuncin da Ya San Inda Kifi Ke Kwana da Hunturu

Ƙasar 'Yargoje, a kudancin Katsina, ba ƙasar ruwa ba ce. Wanda ya taso daga Ƙanƙara ya gangara Faskari har ya dangana da Sabuwa, abin da zai gani gonakin masara ne da dawa da auduga, da duwatsu, da rafukan da ke tumbatsa a watan Agusta su tsinke kafin a gama sussuka. Kogin Sakkwato ma da ake jin sunansa, a wajejen Funtuwa ya faro, kuma a nan bai wuce rafi ba. Babban ruwan da za a nuna wa baƙo, hannun mutum ne ya tare shi: madatsar Mairuwa a ƙasar Faskari, da ta Zobe can wajen Dutsin-ma, wadda aka kammala a 1983. Saura sai tafkuna da gurabun da rafi ya bari a baya. Amma a bakin wannan ɗan ruwa akwai masu wani ilimi da ba a ba shi girman da ya cancanta. Su ne masuntan da ke fid da kifi a tsakiyar ɗari, lokacin da kowa ke rantsuwa babu komai a ruwan.

Da damina kowa masunci ne. Ruwa ya malala cikin ciyawa, kifi ya bazu yana kiwo, yaro da fatsa da tana zai kawo wa uwarsa abin miya. Hunturu ne ke tantance gwani, dalilin kuwa a jikin kifin yake. Ba shi da ɗumin kansa, yadda ruwa yake haka jininsa yake. Karfasa tana cikin walwala idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Ya sauka ƙasa da 20, sai ta rage ci. Ya kai wajen 11 ko 12 ya daɗe a haka, sai ta fara mutuwa. A Disamba da Janairu kuwa, iskar da ke tasowa daga Sahara takan saukar da yanayin dare a kudancin Katsina ƙasa da digiri 15, kuma tafkin da bai wuce gwiwa ba kafin asuba ya huce sarai. Kifin bai bar tafkin ba, ina zai je? Makwanci ya sake, ya kuma sake lokacin cin abinci.

Shi ya sa ba za ka ga gwani yana gaggawar asubanci a wannan lokaci ba. Ya yi salla, ya ji ɗumi, ya jawo birgi ya ɗinke inda ya yage, amma idonsa na sama. In hazo ya yi kauri har ana iya kallon rana ido da ido, ya san ruwan gefe ba zai yi ɗumi ba yau. Kifi zai wuni a ƙasa, cikin gurbi mafi zurfi, ko ƙarƙashin saiwar itacen da ruwa ya zaizaye, ko a lungun dutse. In kuwa gari ya washe, to, shi da karfasa sai bayan azahar. Inda zai same ta ma ya sani. Ba kowace gaɓa ba, sai wadda ƙasanta baƙar laka ce, kuma tudu ko duhuwa ta kare ta daga iskar arewa maso gabas. Baƙar laka tana shan rana ta riƙe, farin yashi kuwa ba ya riƙe ta haka. Tsakanin gaɓar nan da waccan bambancin bai fi digiri ɗaya ko biyu ba, amma a wurin kifi ya isa dalilin ƙaura.

Ba shi da na'urar auna zafi. Ƙwaurinsa ne ma'auninsa. Yana tafe cikin ruwa yana jin inda sanyi ya ratsa ƙashi da inda ya ɗan sassauta. In yana cikin kwale-kwale, duk lokacin da ya kafa gwangwala yana sauraron amsar da ƙasa ke ba tafinsa: yashi gurzawa yake, laka riƙewa take, dutse kuwa ya amsa ƙwas. Da wannan, mutumin da bai taɓa ganin ƙasan tafki da idonsa ba ya san kwarinsa da tudunsa, ya san inda tsohon kututture ke kwance yana jiran ya yaga taru. Sai kuma alamun sama. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska da ita, don haka takan taso ta haɗiyi iska ta nutse, ta bar zobe a fuskar ruwa. Daga faɗin zoben gwani zai gaya maka ko ta kai a ɓata lokaci a kanta. Zalɓen da ya tsaya wuri ɗaya ya ƙi tashi ba hutawa yake ba. Ruwan da ya gurɓace a ɗan wuri alhali babu iska, babu shanun da suka shiga, akwai mai tonon laka a ƙasa.

Akwai wata wahala da rani ke ƙarawa. Jan ruwan damina ya kwanta, tafki ya yi garau, kuma a nan ne karin maganar nan ta "kifi na ganinka, mai jar koma" ke zama zance na zahiri. Gwani ba ya barin inuwarsa ta riga shi isa ruwa, ba ya buga ƙafa a gindin jirgi, ba ya ɗaga murya. Ni dai ban san wani motsi na sana'a da ya fi jifan birgi kyan kallo ba. Ya naɗe igiya a hannun hagu, ya rataya wani sashe na ragar a gwiwar hannu, wani ma ya ciji lefe ɗaya da haƙori, ya murɗa ƙugu baya, ya saki. Ragar ta tashi ta buɗe kamar faifai, dalmar da ke zagaye da bakinta ta faɗa ruwa a tare. In gefe ɗaya ya riga sauka, kifi ya fita ta ɗayan. Cikin hunturu jifa ɗaya kake da shi a kowane wuri, domin kifin da ya tsorata ya koma gurbi ba zai sake fitowa ba ranar nan.

Mai fatsa shi ma sake hannu yake yi. Ƙugiya ƙarama, loma ƙarama, 'yar tana ko gara, a ajiye ta daf da bakin kifin, tunda kifin da sanyi ya kama ba ya bin abinci da gudu. Cinsa ma a hankali ne, ba fizga ba. A nan ne ake koyar da yara, kuma darasin ba ya da tsawo.

"Baba, ba ya ci."

"Yana ci, kai ne ba ka ji. Ɗora zaren a yatsanka, ka bar kallon ruwa."

Mafi ban mamaki a sana'ar kuwa shi ne kamun kifi a inda babu ruwa ko ɗigo. Gaiwa tana da huhu. Idan fadama ta fara ƙafewa, sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jiki, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kube, ta bar 'yar kafa guda ta shan iska. Haka za ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Wanda ya san aikin sai ya bi tsattsagaggiyar ƙasa da sanda da fartanya, yana neman wannan 'yar kafa a cikin dubban ramukan ƙwari da na kwaɗi. Mai wucewa zai ɗauka saiwar magani yake tono, sai ya ga an zaro kifi mai rai daga busasshiyar ƙasa.

Wannan ilimi ba na mutum ɗaya ba ne, shi ya sa a ƙasar Hausa aka yi masa sarauta. Sarkin Ruwa shi ke cewa gurbi kaza a bar shi, kada kowa ya taɓa sai ranar su. Mutane sukan fi ba da labarin asirinsa da yadda yake da kada, ni kuwa ba zan yi musu da kowa a kan wannan ba. Abin da na tabbata shi ne, mutumin da ya hana a taɓa gurbi har kifi ya girma ya taru, sa'an nan ya zaɓi ranar da ruwa ya ja daidai yadda koma za ta kai ƙasa, lissafi yake yi, kuma lissafin na fita. Bikin Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, irin wannan su ɗin ne da ya girma. Ana yin sa a Matan Fada wajen ƙarshen hunturu. 'Yan kallo giwan ruwa suke jira, irin mai kilo 78 da ta ci gasar 2020. Amma duk mai gora da komar da ya faɗa ruwan ya san ba ƙarfi ke kamo ta ba, sai sanin ramin da take shiga idan ta ji hayaniya.

Abin da ya sa na ɗaga wannan zance shi ne, a bakin teku akwai masu irin wannan sani, kuma su sayar da shi suke yi. A Senegal, inda kogin Salum ya rarrabu ya shiga teku, wurin da UNESCO ta amince da shi a 2011, ruwan gishiri ya kutsa cikin ƙasa ta ɗaruruwan lunguna, tsakanin itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwa da saiwoyi a waje. Idan sanyi ya kama Turai, masu sha'awar fatsa sukan zo nan da Gambiya, su ɗauki ɗan gari ya shiga da su. A jihar Fulorida ta Amurka kuwa, a dausayin Everglades, jagorancin masu fatsa sana'a ce mai lasisi. Kafin a ba mutum takardar ɗaukar fasinja har shida, sai ya nuna ya yi kwana 360 yana aiki a kan ruwa. Jirginsa ƙarami ne mai shafaffen gindi. In an kusa wuri sai ya kashe inji, ya hau wani ɗan dandamali a baya, ya riƙa turawa da doguwar sanda, yana hango kifi yana gaya wa baƙo inda zai jefa. Baƙon ya biya ɗaruruwan daloli a wuni, kuma yawancin abin da ya kama sakinsa ake yi ya koma ruwa. Ashe ba kifi ya saya ba.

Jagoran teku yana da ƙarin lissafi da namu ba shi da shi. Ruwansa cikowa yake yana janyewa, a Salum sau biyu a wuni da kwana, kullum yana jinkiri da kusan minti 50, kuma ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Lungun da ka shiga da jirgi da hantsi, da la'asar laka ce zalla, wanda bai san lokacin fita ba a nan zai kwana da sauro. Amma idan aka zo kan sanyi, maganarsu ɗaya da masuncin Mairuwa. Iskar arewa ta kaɗa a Fulorida, kifi ya gudu cikin lunguna masu zurfi, rana ta yi ya fito kan baƙar laka yana jin ɗumi. Sun ma ga iyakar abin a Janairun 2010, sa'ad da sanyi ya daɗe ya kashe ɗimbin wani kifi mai baƙin layi a gefe da suke kira sinuk, har hukuma ta hana ɗibarsa a gaɓar yamma sai 2013.

A wurinmu babu lasisi, babu dandamali. Ma'aikacin da ya fito daga birni ranar hutu da fatsarsa ta kanti, ya ba mai kwale-kwale na goro ya kai shi inda ake samu, jagora ya ɗauka, ko da bai kira shi haka ba. Abubuwan da ke cin sana'ar ma ba ɓoyayyu ba ne. Akwai mai jan gidan sauro a ruwa ya kwashe har 'ya'yan kifi, akwai mai zuba maganin ƙwari a gurbi ya kashe na bana da na baɗi. Sai kuma rashin tsaro, wanda ya fi su duka. Mutanen 'Yargoje ba su manta harin watan Yunin 2024 ba, da rayukan da ya ci, kuma a ƙauyuka da dama na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, gurabun da ke gefen daji sun fi ƙarfin mai fita da birgi shi kaɗai. Asarar ba ta kifin bana kawai ba ce. Kowace damina tana kwashe yashi daga nan ta jibge can, ta cike tsohon rami ta haƙa sabo, ta jawo kututture ta ajiye inda da babu. Gwani yakan sake bin ruwansa da gwangwala duk kaka don ya gyara abin da ya sani. Wanda aka raba da gurbi damina uku, in ya koma baƙo ne, kuma yaron da ya kamata ya riƙe masa gora a waɗannan shekaru ya riga ya tafi ci-rani.