Tsuntsun da Ya Ɓace Daga Azurfar Damargu

Duk wanda ya dubi kayan ƙawa na azurfa da ake bajewa a kasuwannin Tanut da Belbeji zai yaba wa hannun maƙeran farfaru. Zobba da awarwaro da layu da ƴan kunne suna nan da zane mai tsabta. Amma mai lura zai tarar da giɓi guda. Ƙasar da ta yi suna da jimina, da wuya a ga alamar tsuntsu a jikin azurfarta.

Tarihi ne ya sa wannan giɓi ya zama abin tambaya. A ƙarshen ƙarni na 19, gashin jimina na cikin manyan hajojin da ayari ke ɗauka daga Damargu zuwa Tarabulus, daga can kuma ya wuce Turai ya hau hulunan mata. Darajarsa ta kai har a shekarar 1911 Afirka ta Kudu ta aiko da tawaga yankin Kano da Damagaram neman irin wannan jimina, aka koma da fiye da ɗari. Kasuwar gashin ta rushe a 1914, farauta kuwa ba ta tsaya ba. Zuwa farkon shekarun 2000 jimina ta ƙare a dajin Nijar. Waɗanda suka rage a killace ake kiwonsu, kamar a Kelle cikin gundumar Gure, inda aka fara ɗibar ƴaƴansu zuwa gandun dajin Gadabeji.

Abin lura shi ne, adon gargajiya jikin tsuntsun yake ɗauka. Samarin Bororo suna soka gashin jimina a ka lokacin Gerewol, sarakuna suna da figini da takalma masu gashinta, ƙwanta kuma akan ɗora shi a ƙololuwar ɗaki. Muddin tsuntsun yana yawo a daji, babu mai bukatar siffarsa a ƙarfe. Hatta tsuntsun da ya zo hannun maƙeri da kansa, wato gaggafa mai kai biyu da ke bayan liyari, dalar Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780, narkewa ya yi a wuta ya koma munduwa.

Da baƙi ƴan yawon buɗe ido suka zama manyan masu saye, sai sana'ar ta karkata ga abin da suke so. Allon giciye 21, na Agadas da Tawa da Damagaram da Ingal da sauransu, ya zama abin da kowa ke maimaitawa. A gefensa aka samu ƴan siffofin raƙumi da raƙumin dawa da jimina, waɗanda ake yankowa daga fallen azurfa. A nan aikin ya fi rauni. Jiminar da aka yanko haka hoto ce kawai, babu gudu a ƙafarta, babu tunanin maƙeri a jikinta. Kuma tun da tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka kore baƙi, wannan haja ta rasa mai ita, domin ba don matan Damargu aka ƙera ta ba.

Alhali magabata sun bar hanya mafi inganci. Maƙeran Buzaye suna da zane da suke kira idon hawainiya, da wani sawun dila. Ba su zana dabbar ba, alamarta suka tsamo, wanda ya sani ya gane. Hausa ma tana da ƙafar kaza da idon zakara, ga kuma saƙi mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Wannan salo ya dace da al'ummar da ke ƙyamar sassaƙa surar mai rai, kuma ya fi kwaikwayo zurfi. Sawun jimina mai yatsu biyu, tukkun gauraka, lanƙwasar wuyan tuje, layin shamuwa da ke bushara da damina, duk suna iya zama a kan zobe ba tare da an saɓa wa kowa ba.

Akwai darasi daga nesa. A tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan, maƙera irin su Ola Gorie da Sheila Fleet sun gina sunansu a kan abin da ke gabansu, tsofaffin zane-zanen duwatsu da igiyar teku da launin gaɓa, har aka san ƙirar tsibiran a ƙasashen waje. Damargu ba ta da teku, amma tana da tabkunan damina da tsuntsaye ke sauka, da tudun rairayi, da zangarniyar hatsin da ta ciyar da Abzin ƙarni da ƙarni.

Nauyin gyara bai tsaya a kan maƙeri kaɗai ba, domin abin da aka nema yake ƙerawa. Ƙungiyoyin al'adu suna iya tattara sunayen tsofaffin zane daga bakin dattawan maƙera tun suna raye, malamai kuma su sa ɗalibai su zana sawun tsuntsayen garinsu, a kai wa maƙeri ya gwada a kakin zuma. Yawancin yaran Belbeji ba su taɓa ganin jimina ba. Idan sawunta ya hau awarwaron uwa, wata rana ƴarta za ta tambayi sunan mai wannan ƙafa.