Masu Neman Ƙofa a Cikin Iska

A fagen daga, ido ne ke fara gazawa. Da bam ya tashi ƙura ta turnuƙe, hayaƙi ya rufe gaba, har na'urar gano zafin jiki sai ta dushe. Shi ya sa sojoji ke kwaɗayin rada mai gajeren zango, wanda bai kai milimita 1 ba, wato daga gigahaz 300 zuwa 3,000. Ƙwayar ƙura da ta hayaƙi sun yi wa irin wannan zango ƙanƙanta, sai ya ratsa su ya komo da hoto tar.

Abin da ke cinye shi ba ya ganuwa: tururin ruwa ne da ke cikin iska. Ƙwayoyinsa na shanye wannan zango da maƙwabtansa a wurare sanannu, kamar gigahaz 183, 325, 380 da 557. A 557 ɗin, saƙo ba ya wuce 'yan mitoci. Tsakanin waɗannan katangu akwai ƙofofi, wajen 220, 340 da 670, kuma gwanintar ita ce sanin yadda kowace ke buɗewa da tsukewa. Ranar da hazon hunturu ya rufe Kano ko Damagaram, iska a bushe take, ƙofa a wangale. Safiyar damina da sama ta washe kuwa, laima ta riga ta tsuke ta.

A nan nake jinjina wa Hans Liebe, wanda ya yi shekaru a Boulder ta Amurka yana gwajin iska mai laima a ɗakin bincike. Lissafin da ya fitar a 1989 ya kai har gigahaz 1,000. Ka ba shi zafi, nauyin iska da yawan laima, ya faɗa maka abin da zai salwanta a kowace kilomita. Wahalar aikin tana cikin ƙofofin kansu, domin ko a can akwai asarar da ta zarce abin da ƙa'ida ta hango, dole sai an auna ta da haƙuri.

Injiniyoyi ba su tsaya ga kauce wa katanga ba. Hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, ta zaɓi ƙofa a gigahaz 235 don radar da ke ɗaukar bidiyo ta cikin gajimare. Wasu kuma da gangan suke shiga katangar gigahaz 60, inda iskar oksijin ke lashe kusan kashi 97 cikin 100 na saƙo a kilomita guda. Rundunar da ke kusa ta ji juna, mai saurare daga nesa ya tashi a tutar babu. Taurarin ɗan'adam na Milstar na sojan Amurka a nan suke magana da junansu, iskar duniya na tare masu leƙe daga ƙasa.