Tarihin Bayan Ganuwa

Ma'aikacin da ya fito daga birnin Kano da sassafe ya nufi wurin aikinsa a Sharaɗa ya kan bi ta kusa da wata unguwa wadda a ke kira Gandun Albasa. Kullum sunan yana cikin kunnensa, amma da wuya ya tsaya ya tambayi kansa, shin gandun wa ne, su wa kuwa suka noma shi? Haka nan wanda ya ke aikin jima a Calawa, da wanda ya ke tsaron inji a Bompai. Duk wuraren nan uku a bayan ganuwa su ke, kuma kafin a kafa masana'antu a cikinsu gonaki ne da ƙauyuka da makiyaya. Mutane sun zauna a nan, sun yi noma, sun ga yaƙi, sun mutu. To, ina a ka ajiye labarinsu?

Wanda ya nemi amsa a cikin littattafan tarihin Kano zai sami abu mai yawa, amma ba abin da ya ke nema ba. Akwai tsohon Tarihin Kano na Larabci, wanda ya jera sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. Bature H. R. Palmer ya juya shi da Turanci cikin 1908, daga baya kuma a ka fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Akwai littafin Alƙali Muhammadu Zangi a kan jihadi a ƙasar Kano. Akwai kuma Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda a ka buga a Zariya cikin 1958. Waɗannan littattafai ne masu daraja, ba domin su ba da Kano ta zama kamar mutumin da bai san sunan kakansa ba. Sai dai duk daga ƙofar fada su ke duban duniya. Za su faɗi ranar da sarki ya fita yaƙi da garin da ya ci, amma ba za su faɗi wanda ya noma dawar da dawakinsa suka ci ba.

Alhali kuwa bayan ganuwa a zamanin nan bakin daga ne. Sa'ad da Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta cikin 1819, ƙasa ta tayar masa, Ɗan Tunku kuma ya matsa masa daga arewa. Saboda haka Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, watau gari mai ganuwa inda mayaƙa ke zaune kullum cikin shiri don tsaron iyaka. A can ne matafiyin nan Clapperton ya iske shi cikin 1824. Fanisau kuwa ba ta da nisa ƙwarai daga Bompai. Bayan Dabo, Ningawa suka dami kudancin ƙasar da hari, musamman a zamanin Abdullahi Maje Karofi. A zamanin Sarki Alu rundunar Damagaram ta shigo ƙasar Kano har ta kusato birni. A ƙarshe, rundunar Turawa ta taso daga Zariya ta biyo ta Bebeji, ta ƙetare kogin Calawa, ta shiga Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903. Daga baya suka kafa barikinsu a Bompai. Ashe ke nan filin da injuna ke ƙugi a kansa ya sha kofaton doki.

Mayaƙan ribaɗi ba su cin iska. Dole a sami mai noma musu hatsi, da mai yanko wa dawaki ciyawa. Wannan shi ya sa gandayen sarki suka kewaye birni, irin su Nasarawa da Ɗorayi da Gandun Albasa da Fanisau kanta, kuma bayi ne ke noma su. Manyan attajirai irin su Kundila su ma suna da nasu. Waɗannan bayi ba su bar littafi ba, ba wanda ya yi musu kirari, marubutan fada kuwa ba su ga dalilin ambatonsu ba.

Da labarinsu ya bi su kabari, ba domin wani aiki da a ka yi cikin 1975 ba. A shekarar nan waɗansu malamai biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, suna aiki tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka shirya a bi tsofaffi a ɗauki maganarsu a kaset a kan noma da fatauci da bauta. Wanda ya ɗauki babban rabo na wajen Kano shi ne Malam Yusufu Yunusa, yana ɗalibi a lokacin. Ya bi unguwannin birni da gandayen bayan gari, ya zauna da tsofaffi, waɗansunsu 'ya'yan bayi ne ko jikokinsu, ya yi ta tambaya da Hausa suna ba shi amsa. Suka faɗa masa yadda a ke fita aikin gandu ƙarƙashin sarkin gandu, da yadda bawa ke samun gayaunarsa, da sha'anin aure da abinci da horo, da yadda a ke biyan murgu, da yadda mutum kan fanshi kansa. An ajiye kasakasan nan a Zariya, an kuma kai kwafinsu Jami'ar York ta birnin Toronto a ƙasar Kanada. Su ne a ke kira tarin Yusufu Yunusa. Lovejoy da Hogendorn sun yi amfani da irin waɗannan hirarraki a littafinsu na 1993 a kan yadda bauta ta mutu sannu a hankali a Nijeriya ta Arewa. Cikin 2011 kuma Muhammad Bashir Salau ya fitar da littafi sukutum a kan Fanisau, wanda tarin nan ya zama ginshiƙinsa.

Kafin a auna wannan tari, ya kamata a dubi wani irinsa da ya riga shi a wata ƙasa mai nisa, gama abin da ya sami wancan ishara ne ga wannan. A Amurka an yi wani mutum sunansa Lyman Draper, an haife shi cikin 1815, ya mutu cikin 1891. Tun yana saurayi ya lura tsofaffin da suka fara ƙetare duwatsu suka zauna a Kentaki da kwarin kogin Ohayo suna ta mutuwa da labarinsu. A can ne bakin dagarsu, inda baƙin Turawa suka yi ta yaƙi da 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka laƙaba wa suna Indiyawa. Sai Draper ya shiga rubuta musu wasiƙu, sa'an nan ya bi su gida gida, a ƙasa da bisa doki, yana rubuta abin da suka faɗa, yana kuma karɓar tsofaffin takardun iyayensu. Da ya mutu ya bar wa ƙungiyar tarihi ta Jihar Wiskonsin takardun, a ka ɗinke su suka kai kusan kundi ɗari biyar. Har yau duk mai neman tarihin wannan yanki sai ya koma gare su.

Amma an kama Draper da laifi uku. Na fari, ya tara bai gina ba. Ya yi ta alkawarin rubuta tarihin jarumawan iyaka, amma babban littafi ɗaya kaɗai ya gama, na yaƙin Dutsen King, cikin 1881. Tarihin Daniel Boone da ya fara bai ƙare shi ba, sai cikin 1998 a ka buga abin da ya bari. Na biyu, takardun da ya karɓa daga gidajen mutane sun tafi arewa mai nisa, jikokin masu su kuwa sun daɗe suna kukan rabuwa da su. Na uku, idonsa yana kan jarumawan Turawa, saboda haka muryar waɗanda a ka kora daga ƙasarsu ba ta da ƙarfi a cikin kundayensa.

In a ka ɗora tarin Yunusa a kan wannan ma'auni, sai a ga ya tsere wa Draper a wuri ɗaya babba. Draper ya bi masu nasara, Yunusa kuwa ya bi waɗanda a ka ci da yaƙi a ka ɗaure a ka kawo. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, domin maganar bauta aba ce da a ke rufewa a ƙasar Hausa, ba kowa ke so a tona asalinsa ba. Sa'an nan kaset ya fi alƙalami gaskiya ta wata fuska, gama yana riƙe maganar tsoho yadda ta fito, da inda ya yi jinkiri, da inda ya kauce wa tambaya. Abin da a ka samu kuwa ya gyara wani kuskure da ya daɗe. Mutane da yawa suna zaton da zuwan Turawa bauta ta ƙare. Ba haka ba ne. Dokarsu ta 'yanta waɗanda a ka haifa bayan ƙarshen watan Maris na 1901, amma ba a soke bautar ɗungum ba sai cikin 1936. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe cikin 1912, hannun bayi da 'ya'yansu yana cikin waɗanda suka noma ta.

Duk da haka tilas a karanta shi da hankali. Mutumin da ya ke da shekara tamanin cikin 1975, yaro ne ɗan shekara takwas ranar da Turawa suka shiga Kano. Abin da ya faɗa game da zamanin Dabo ko na Maje Karofi ji ya yi, ba gani ba, kuma magana in ta bi baki uku ta kan sake riga. Bayan wannan, tsohon da har yanzu ya ke zaune a ƙasar sarki, yana cin arzikin fada, ba lalle ne ya buɗe cikinsa duka ga baƙon yaro mai ɗauke da rikoda ba. Wani ya kan rage zafin abin da ya faru don kunya, wani ya kan ƙara don a ji tausayinsa. Har wa yau, amsa tana bin tambaya. Masu aikin sun fito neman sha'anin noma da ciniki da bauta ne, to, abin da ba a tambaya ba ya tafi da masu shi. Wanda ya ke so ya ga abin da a kan samu in an saki tsoho ya bi hanyarsa, sai ya dubi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ka buga cikin 1954. A nan mace ce ta ba da labarin hari da fansar 'yan'uwa a kan iyakar Kano da Zazzau, yadda a ke jinsa daga cikin gida. Saboda haka kada a jefar da littattafan fada a riƙi kaset kaɗai. Sai an gwama su, kowane ya zama shaida a kan ɗan'uwansa.

Laifin Draper na biyu kuwa, shi ne wanda ya fi kama wannan tari, ko da ya ke ba Yunusa ne ya jawo shi ba. Tsofaffin nan da Hausa suka yi magana, amma manyan littattafan da a ka gina a kan maganarsu da Turanci a ka rubuta su, a ƙasashen waje a ka buga su, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin talaka. Ɗalibi a Kanada ya fi jikan mai maganar saukin kaiwa gare ta. Ba wannan ne farau ba, gama littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma bafataken Kano wanda ya rasu cikin 1962, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Ba a cewa waɗanda suka adana su sun yi ɓarna, domin da an bar su wataƙila da gara da ruwan sama sun gama da su. Amma ajiya ba ta cika ba sai mai kaya ya san inda kayansa su ke. Abin da ya dace shi ne a rubuta hirarrakin nan da Hausa yadda a ka yi su, a buga su cikin ƙananan littattafai masu araha, a ajiye a Gidan Makama da ɗakunan karatu na Kano.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan gaggawa. Bompai ita ce ta fara zama unguwar masana'antu, Sharaɗa da Calawa suka biyo baya. Dubban mutane sun ci abinci a masaƙu da majemu da gidajen matsar man gyaɗa na wuraren nan. Daga wajen 1985 zuwa gaba da yawa cikinsu suka rufe, saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar kayan gyara da kwararowar kayan waje. Waɗanda suka shiga aikin suna samari yanzu sun tsufa, haka nan manoman da a ka karɓi gonakinsu a ka yi filayen. Takardun kamfani za su faɗi sunan mai jari da yawan riba, kamar yadda littafin fada ya faɗi sunan sarki. Amma wa zai faɗi yadda mutumin ƙauye ya fara koyon aiki da agogo, ko abin da ya faru a gidansa ranar da a ka kulle ƙofar masaƙa?

Wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci yana da makamin da bayin gandu ba su samu ba. Littafin rubutu ɗaya da fensir sun isa. Ya zauna da tsohon unguwarsu, ya nemi yardarsa, ya rubuta sunansa da shekarunsa da ranar zaman, ya kuma bambanta abin da tsohon ya gani da idonsa da abin da ya ji daga wani, kamar yadda malaman hadisi ke bin salsala. Kada ya gyara magana don ta yi daɗi, kada kuma ya manta da tsofaffin mata. In ya gama, ya yi kwafi biyu, ɗaya ya bar shi a gidan mai maganar. Da Yusufu Yunusa ya jira shekara goma, da ya iske yawancin tsofaffin Fanisau sun riga mu gidan gaskiya. Tsofaffin Sharaɗa da Calawa da Bompai ma ba za su jira ba.